Ƙyallen addu'a na kwarashi: wace saƙa da wane zare suka dace da kyautarki?

Duk lokacin da bikin Kirsimeti ya matso, ko Zumuntar Mata ta sa ranar ziyarar asibiti, ko wata 'yar'uwa ta yi rashi, masu kwarashi a cikinmu kan fara tunanin abin da za su saƙa wanda ba zai cinye asusu ba, amma wanda aka ba zai riƙe ya san ana tunawa da shi a gaban Ubangiji. Ɗan ƙyallen addu'a, wanda bai wuce tafin hannu ba, mai gicciye a jikinsa, yana biyan wannan bukata. Sai dai da kin ce za ki yi, wata tambayar za ta taso. Wata za ta ce ki yi na raga da siririn zare domin ya fi kyau, wata ta ce ulu ya fi araha da sauri, wata kuma ta nuna miki hankicin da ta yi wa baki ta ce ba abin da ya kai shi. Kowacce da gaskiyarta, amma kowacce da irin mutumin da take tunanin ba wa.

Al'adar tana da tushe. Ayyukan Manzanni 19:11-12 ta ba da labarin yadda a Afisa ake ɗaukar hankici da ƙyallen aiki da suka taɓa jikin Bulus a kai wa marasa lafiya su warke, kuma nassin ya fara ne da cewa Allah ne yake yin al'ajiban ta hannun Bulus. Tun farkon ƙarni na 20 majami'un Fentikos suke yi wa hankici addu'a su aika wa majinyata. Na saƙa kuwa ya bazu ne daga Amurka, bayan da Janet Bristow da Victoria Galo suka fara hidimar saƙa mayafin addu'a a birnin Hartford a 1998. Babban mayafi yana cin zare da makonni, kuma a zafin watan Afrilu ba mai son ya yafa ulu a Yola ko Kaduna. Ƙaramin shi ne daidai da mu, domin yana shiga aljihu da jaka da ƙarƙashin matashi, wani ma har cikin Littafi Mai Tsarki.

Iri huɗu zan kwatanta: saƙar raga da siririn zaren auduga, cikakkiyar saƙa mai gicciyen ƙullutu, saƙar cibiya da ulun roba, da hankicin yadi mai bakin kwarashi.

## Ma'aunin da za ki bi kafin ki sayi zare

Kafin farashi, 'yar'uwa, ki tambayi kanki hannun wa ƙyallen zai shiga, kuma ina zai kwana. Tsohuwar da idonta ya yi rauni da yatsu take gane abu. Soja ko direban babbar mota aljihun wando ne ma'ajiyarsa, ga gumi ga ƙura. Majinyaci yana bukatar abin da za a wanke da ruwan zafi. Jariri kuwa duk abin da ya kama baki yake kaiwa. Idan kin amsa wannan, rabin zaɓin ya ƙare.

Sai kuɗi. Farashin zare ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka lissafin da zai amfane ki shi ne na nauyi. Dunƙulen da ya fi araha a ido sau da yawa giram 40 ko 50 ne, na kusa da shi mai tsada kuma giram 100. Ki raba kuɗin da giram, sannan ki ƙiyasta ƙyalle nawa zai fito. Ko a Terminus ta Jos kika saya ko a Sabon Garin Kano, za ki tarar ulun roba ya fi zaren auduga na saƙa araha, domin mafi yawan audugar kwarashi daga waje ake shigo da ita. Abin takaici ne ga yankin da ke noman auduga a Funtua da Gusau, amma haka kasuwar take a yau.

Ƙarko yana nufin jure wanki, jure murzawa da jure rana. A nan irin zaren ya fi irin saƙar tasiri, kuma takardar da ke jikin dunƙule ba kullum take faɗin gaskiya ba. Akwai zare mai laushi da 'yan kasuwa ke kira Milk Cotton, wanda sau da yawa gauraye ne da roba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki yanki ɗan tsawon yatsa, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki kai masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule baƙi mai tauri, da wari mai hawa kai. Ulun tumaki na gaske yana warin ƙonannen gashi. Haka kuma launi: jan zare da shuɗi mai duhu sukan zuba, don haka ki jiƙa guntu a ruwan ɗumi tare da farin tsumma kafin ki ɓata dare kina saƙa.

Sauƙi ya haɗa da gwanintarki, ƙarfin idonki, hasken da kike da shi da dare, da yawan da ake bukata. Guda uku ga ƙawaye dabam ne da guda sittin ga ɗakin majinyata.

Haɗari iri biyu ne. Na jiki ya shafi ƙananan abubuwan da yaro zai haɗiye, ƙarfen da ke tsatsa, da zaren da ke narkewa kusa da kyandir ko murhun gawayi ya manne a fata. Na biyun ya fi damuna, kuma ya shafi dukan iri huɗun. A ƙasarmu kowa ya san laya da guru da kambu. Ƙaramin abu da aka yi wa addu'a aka ce a sa a aljihu, ba wuya wani ya ɗauke shi layar Kirista, ya rataya wa yaro a wuya, ya ji faɗuwar gaba ranar da ya manta shi a gida, ko ma ya yi sakaci da maganin likita. Macijin tagulla bisa umarnin Allah Musa ya yi shi, amma da mutane suka koma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. Zare ba ya warkar da kowa. Aikinsa tunatarwa ce cewa ikilisiya tana addu'a. Wannan yana da tasiri har a siffar saƙar: ki bar ƙyallen a shimfiɗe a buɗe, kada ki naɗe shi ki ɗinke da wani abu a ciki, kada ki sa masa igiyar ratayawa, kada kuma a sayar da shi da sunan yana da iko. Ki haɗa shi da ɗan kati mai aya da kalma biyu, cewa wadda ta saƙa ta yi addu'a domin mai karɓa.

Kalmomi uku zan riƙa maimaitawa. Sarƙa ita ce jerin madauki da ake fara saƙa da shi. Gajeren ɗauri shi ne wanda kike sa allura ki jawo zare ki fitar da madauki biyu tare. Dogon ɗauri shi ne wanda kike naɗa zare a allura kafin ki sa ta.

## Saƙar raga da siririn zaren auduga

Wannan ita ce mai ɗaukar ido. Ana saƙa ta gida-gida kamar takardar lissafi: buɗaɗɗen gida dogon ɗauri ɗaya ne da sarƙa biyu, rufaffen gida dogon ɗauri uku. Rufaffun gidajen su ne ke fitar da gicciye a tsakiyar ragar. Da zare mai lamba 10 da allurar ƙarfe ta milimita 1.5 zuwa 1.75, gida 13 a faɗi da layi 17 a tsawo yana ba ki ƙyalle mai kimanin santimita 8 da 10.

Ta fuskar kuɗi ba ta da nauyi kamar yadda ake zato. Dunƙulen yana iya yin tsada, amma zaren siriri ne, mai mita 300 yana fitar da fiye da goma. Zaren kuma yana da ƙarko sosai, musamman mai sheƙin nan da aka gyara da sinadari ta hanyar da Baturen Ingila John Mercer ya gano a 1844: ba ya tayar da gashi, yana riƙe launi, yana jure ruwan zafi da guga. Raunin yana ga saƙar. Raga tana kama makulli da zif da ƙugiyar jaka, kuma idan aka jawo zare ɗaya sai gidan ya karkace. Bayan kowane wanki tana bukatar a miƙe ta a sa mata ɗan sitaci a goge, in ba haka ba gicciyen ya ɓace cikin yamutsi.

Ita ce mafi wuya a cikin huɗun. Tana son ido mai kyau, haske mai kyau da ƙirga ba kuskure, domin gida ɗaya da kika tsallake a layi na biyar sai a layi na goma za ki gan shi. Gwana kan ɗauki awa biyu zuwa uku a guda ɗaya. Ba zan ba mai koyo shawarar farawa da ita ba, kuma ba zan sa iyayenmu mata masu tabarau su zauna da ita a hasken fitila ba. Ramukanta kuma suna iya kama yatsar jariri. Wurin da ta fi kowa shi ne cikin Littafi Mai Tsarki, inda sirantarta ba ta lalata ɗaurin littafin kuma ba abin da zai jawo ta.

## Cikakkiyar saƙa mai gicciyen ƙullutu

Idan aka ce in zaɓi ɗaya tak ba tare da na san mai karɓa ba, wannan zan ɗauka. Jikin ƙyallen duka gajeren ɗauri ne, ba rami, gicciyen kuma ƙullutai ne da suka taso daga cikin saƙar kanta. Ba abin da aka manna, don haka ba abin da zai cire.

Ga yadda take tafiya da zaren auduga mai matsakaicin kauri da allurar milimita 4. Ki yi sarƙa 16, ki saƙa gajeren ɗauri 15 a kowane layi har layi 19. A layi na 4, 6, 8, 10, 12, 14 da 16 ki sa ƙullutu a ɗauri na takwas, wato tsakiya. A layi na 12 ki ƙara ƙullutu a ɗauri na 4, 6, 10 da 12, su ne hannuwan gicciyen. Ƙullutun kuwa dogon ɗauri huɗu ko biyar ne a rami ɗaya, kowanne ki bar shi bai ƙarasa ba, sannan ki rufe su duka da jawowa ɗaya. Ana yin sa ne lokacin da bayan ƙyallen ke fuskantarki, shi ya sa duk layukan ƙullutu masu lamba cika ne, sai tudun ya fito ta gaba. Za ki sami ƙyalle mai kimanin santimita 10 da 11.

Kuɗinta matsakaici ne. Giram 100 na irin wannan auduga yana fitar da kimanin goma, domin ƙullutu yana cin zare. Za ki iya yin ta da ulun roba ki rage kuɗi, amma za ki rasa abubuwa biyu: ƙullutun roba yana kwantawa bayan an daɗe ana murza shi, kuma ba ya jure ruwan zafi. Da auduga, ana wanke ta a ruwa mai zafin digiri 60 ba ta canza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga asibiti. Masu saƙa wa jariran bakwaini 'yar tsanar kifin teku mai ƙafa takwas, aikin da ya fara a Denmark a 2013, auduga zalla suke amfani da ita saboda wannan dalilin na wanki.

Abin da ya sa nake fifita ta shi ne taɓawa. Mutumin da ke kwance cikin dare ba ya iya buɗe littafi, mai jiran sakamakon gwaji ba ya iya tattara hankalinsa ya yi doguwar addu'a, amma babban yatsa yana iya bin gicciyen ƙullutu ɗaya bayan ɗaya a cikin aljihu ba wanda ya sani. Makaho da tsoho suna gane siffar ba sai an gaya musu ba. Raga ba ta ba da wannan, hankici ma haka.

Mai koyo da ta iya gajeren ɗauri za ta koyi ƙullutu a zama ɗaya, kuma da hannu ya saba guda ɗaya ba ya kai awa. Auduga ba ta miƙewa kamar roba, saboda haka tana gajiyar da wuyan hannu idan an daɗe, sai a riƙa hutawa. Tana da kauri, ba ta dace da cikin littafi ba, kuma tana jinkirin bushewa da damina. Idan aka ajiye ta da danshi za ta yi fumfuna. Wadda ƙullutu ya gagare ta tana iya saƙa jikin sumul, ta ɗinka gicciyen a kai da zare mai wani launi, sai dai ta tabbata ta ɓoye bakin zaren da kyau.

## Saƙar cibiya da ulun roba

Ita ce wadda ake farawa daga zobe a tsakiya ana zagayawa, dogon ɗauri uku-uku, har ta zama mai kusurwa huɗu. Zagaye uku ko huɗu ya isa. Kusan duk wadda ta taɓa riƙe kwarashi ta iya ta, kuma wasu suna son ta domin ukun nan yana tuna musu da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki yayin da suke saƙa suna addu'a.

A araha da sauri ba ta da abokin gasa. Ana yin ta da guntayen ulun da suka rage daga rigar sanyi da hular jarirai, wani lokaci ba a kashe ko kwabo. Minti 20 ya isa guda ɗaya. Idan mata goma suka zauna bayan taron zumunta, kafin magariba sun tara abin da zai isa ajin makarantar Lahadi.

Amma araha ba ta ado. Ulun roba ba ya ruɓewa, asu ba ya cin sa, launinsa ba ya zuba, yana bushewa da wuri. Waɗannan duka gaskiya ne. Sai dai a aljihu yana tayar da gashi ya yi ƙwaya-ƙwaya cikin 'yan watanni, da hunturu yana jan ƙura, ba ya shan gumi, kuma dutsen guga yana kashe shi ya kwanta ba ya tashi. Idan kin canza launi a kowane zagaye, bakin zare zai yi yawa, kuma roba tana da santsi, duk bakin da ba a ɓoye da kyau ba zai fito a wankin farko.

Babbar matsalarta ita ce gicciyen. Saƙar ba ta da shi a jikinta, sai a ɗaura ɗan ƙaramin na ƙarfe, katako ko dutsen ado a tsakiya. Na ƙarfe mai araha yana tsatsa ya ɓata ƙyallen, wasu fatarsu ba ta jure shi, ba ya shiga ɗakin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, kuma yaron da bai kai shekara uku ba zai iya cire shi ya haɗiye. Har ila yau, ƙyalle mai abu a ɗaure a tsakiya shi ne ya fi kama da laya a idon wanda bai sani ba. In dai ita za ki yi, ki saƙa ɗan gicciyen da farin ulu ki ɗinke shi ta kowane gefe, ko ki bar ta ba gicciye ki dogara ga katin ayar.

## Hankicin yadi mai bakin kwarashi

Wannan rabi ɗinki ne rabi saƙa, kuma shi ne ya fi kusa da abin da aka ambata a Afisa. Ki sayi yadin auduga mara kauri, ki wanke shi tukuna domin ya gama tsukewa, ki yanka murabba'i mai santimita 22. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 yana fitar da ashirin. Ki lanƙwasa bakin ki ɗinke, sannan ki zagaye shi da gajeren ɗauri da siririn zare, kina huda yadin da allurar ƙarfe mai tsini. A kan wannan zagayen ki ɗora adon da kike so.

Kuɗin kowane guda kaɗan ne, domin yadi ne ya cike tsakiyar. Yana jure wanki fiye da sauran duka, har tafasawa, yana bushewa nan take, yana karɓar guga. Kuma shi kaɗai ne yake da filin rubutu: za ki iya ɗinka Zabura 23:4 ko Ishaya 41:10 ko Filibiyawa 4:6 a kusurwa, da sunan mai karɓa. Katin aya yana ɓacewa, ayar da ke jikin yadi tana nan. Shi kaɗai ne kuma yake da aikin yi, domin yana share hawaye da gumi.

Aikinsa ya fi yadda yake a ido. Zagayen farko na huda yadi yana cin lokaci da yatsa, kuma idan ramukan ba su yi daidai ba bakin zai tattare ko ya yi kunne. Ki ƙiyasta awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da ɗinkin ayar. Idan alƙalami za ki yi rubutun da shi, sai wanda aka yi domin yadi, biro na zuba. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai mutum ya manta ya mayar da shi hankici kamar kowane, wanda a ganina ba laifi ba ne.

Akwai wasu irin zare da ban sa su cikin gasar ba. Ulun tumaki na gaske yana da tsada, yana dunƙulewa a ruwan zafi, asu yana cin sa, wasu kuma yana sa su ƙaiƙayi. Zaren karan-miski yana da daɗin taɓawa amma yana zubar da gashi kuma saƙarsa tana sakewa. Zaren kaɗi na gida, idan kin sami mai murɗi sosai, yana yin ƙullutu mai kyau. Abawa kuwa ta cika sako-sako, ba za ta jure aljihu ba.

## Kwatanci a taƙaice

| Iri | Kuɗin guda | Ƙarko | Sauƙi da lokaci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Raga, siririyar auduga | Matsakaici | Zare mai ƙarfi, saƙa mai kamuwa | Mai wuya, awa 2 zuwa 3 | Ramuka, karkacewa bayan wanki |
| Ƙullutu, auduga mai kauri | Matsakaici zuwa sama | Sosai, yana jure ruwan zafi | Matsakaici, ƙasa da awa 1 | Jinkirin bushewa, zubar launi |
| Cibiya, ulun roba | Mafi araha | Yana tayar da gashi, ba ya son zafi | Mafi sauƙi, minti 20 | Gicciyen ɗaurawa, narkewa a wuta |
| Hankici mai baki | Ƙasa | Mafi jure wanki | Matsakaici, awa 1½ zuwa 2 | Tawada mai zuba, baki mai tattarewa |

## Wanne ga wa

Ga majinyaci a asibiti, ƙullutu da auduga mai haske, ko hankici. Ki wanke da sabulu mara ƙamshi, ki bari ya bushe sarai, ki sa kowanne a ledarsa. Ki tambayi ma'aikaciyar jinya kafin ki miƙa, domin a ɗakin kulawa ta musamman, ɗakin masu ƙuna da na bakwaini ana iya hana shigar da kaya daga waje. Idan haka ne sai ki ba mai jinyarsa, shi ma yana bukatar a tuna da shi. Idan a majami'arku dattawa suna shafa mai bisa Yakubu 5:14, kada ƙyallen da ya sha mai ya je kusa da ciwo ko wurin ƙarin ruwa.

Ga tsofaffi da masu raunin gani, ƙullutu, kuma ki yi shi da ɗan girma domin kada ya ɓace cikin zanen gado. Ga soja, ɗan sanda, direba da ɗalibin da zai tafi makarantar kwana, ƙullutu mai launin toka ko ƙasa-ƙasa da aka gwada ba ya zuba, ki matse saƙar da allurar milimita 3.5 domin ya jure aljihu.

Ga wadda ta yi rashi, hankici mai aya. A kwanakin zaman makoki abu ne da zai kasance a hannunta ko ta so ko ba ta so, kuma ba wanda zai tambaye ta mene ne.

Ga baftisma, aure, naɗin fasto ko kyautar malamar makarantar Lahadi, nan ne raga ta cancanci awanninta, fara ko ruwan madara, a sa ta cikin sabon Littafi Mai Tsarki. 'Yan Katolika da Angilika za su ji daɗin launin da ya bi kalandar ikilisiya: shunayya a lokacin azumi da makonnin jiran Kirsimeti, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos.

Ga jariri, uwar za ki ba, kuma ki gaya mata kada ta bar shi a shimfiɗar da yaron ke barci. Ƙullutu na auduga zalla, ba ado, ba geza.

Idan yawa ake nema kuma asusun zumunta ba nauyi, saƙar cibiya za ta fid da ku, muddin masu karɓa sun wuce shekarun sa abu a baki kuma an bar gicciyen ƙarfe. Ƙungiyar da ke da gwanaye da masu koyo a haɗe tana iya raba aikin: masu koyo su yi cibiya domin yara, matsakaita su yi ƙullutu domin asibiti, masu keken ɗinki su yanka hankici su ɗinke baki su miƙa wa masu siririyar allura.

Akwai kuma maƙwabciya ko 'yar'uwa Musulma da ke kwance, wadda kike yi wa addu'a da zuciya ɗaya. Da yawanmu muna da irin wannan dangi a gida ɗaya. Gicciye a hannunta zai iya jawo mata tambayoyin da ba ta da ƙarfin amsawa a gadon ciwo. Ki yi mata hankici mai kyakkyawan baki ba alama, ki kai da kanki, ki gaishe ta da jiki, ki gaya mata kina roƙa mata sauƙi wurin Allah.